Gari Mai Ruwan Ɗorawa

Kwanakin baya wasu matasa masu aikin lura da yanayi suka zo gaishe ni, hira ta kai mu ga yadda muke kama garin fure a iska a zamaninmu. Da na gama bayani sai ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Baba, ashe aikin naku shafa basilin ne kawai." Ban amsa masa a lokacin ba, don ni ba mai saurin amsa ba ne, kuma wataƙila akwai ɗan abin gaskiya a maganarsa. Amma na ga ya kamata in rubuta muku yadda aikin yake, ku da na'ura ke yi wa ƙirga ta turo muku a waya.

Garin fure, ga wanda bai sani ba, shi ne ƙurar nan mai laushi da ke cikin furen itace da na ciyawa, wadda sai ta kai ga wani furen sannan a sami 'ya'ya. Ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya. Yawancin mutane suna shaƙar sa ba abin da ke samun su. Wasu kuwa atishawa ce da ƙaiƙayin ido, mai ciwon fuka kuma ƙirjinsa ya toshe. Ba na jin Hausa ta taɓa tsayar masa da suna guda. Wasu su ce ƙurar fure, ni dai garin fure na saba cewa.

An turo ni wani ƙaramin ofishin daji a bayan Karu ina sabon fitowa daga jami'a, da digiri a ilimin tsirrai. A lokacin ba wanda ya taɓa jin maganar babban birni. Inda kuke tsayawa yau cikin cunkoson motoci, gonakin doya ne da dawa na Gbagyi, da rugagen Fulani a gindin duwatsu. Daga Karu zuwa Kado sai a keke, ka sauka ka ɗaga shi a rafi biyu ko uku. Ƙauyen da na zauna ba zan kira sunansa ba. Ko na kira ma ba za ku same shi ba, gine-gine sun hau kansa.

Wanda na tarar a ofishin shi ne Baba Tanko, tsohon mai gadin daji, ɗan Gbagyi ne, bai taɓa zama a aji ba. Wani Bature da ya yi aiki a wurin shi ya koya masa kama garin fure, don a san lokacin da kowane itace ke fure a shirya tara irinsa. Baturen ya tafi ya bar kayan, Baba ya ci gaba. A takarda ni ne shugabansa. Safiyata ta farko ya miƙo mini gilashi siriri mai tsawon yatsa da gwangwanin basilin, ya ce in shafa. Na lakato da yawa na dame gilashin. Ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske.

"Malam, wannan ɓera za ka kama ko garin fure?"

Ya goge shi tas, ya ɗiga basilin kamar ƙwayar gero, ya ja shi sau ɗaya da gefen wani gilashin. Ya ɗora a kan tsohuwar jarida ya ce in karanta ta cikinsa. Na karanta.

"In ba ka iya karantawa ba, ya yi kauri. Rana za ta narkar da shi, garin ya nutse. In kuma ya yi siriri, iska ta kawo ta kwashe abinta."

Sai da na yi mako uku kafin ya daina goge nawa. Shafa basilin ɗin ke nan.

Tarkon kansa marfin kwano ne guda biyu, ɗaya a saman ɗaya, tsakaninsu tafin hannu, gilashin yana kwance a tsakiya. Na saman yana tare ruwa da kashin tsuntsu. An kafa shi a kan gora da ta fi mutum tsayi, bisa wani fa a bayan gari, nesa da itatuwa da hayaƙin murhu. Kullum da safe, rana na leƙowa ta kan dutse, za ka cire na jiya ka sa sabo, ko kana zazzaɓi, ko ranar Sallah ce, ko Kirsimeti. In ka tsallake kwana ɗaya, gilashin ya tara na kwana biyu, ba ka san wanne ya zo da wace iska ba. A gefen tarkon akwai tsumma ɗaure a sanda, ka dube shi safe da rana da yamma ka rubuta inda iska ta fito. Akwai kuma kwalbar awon ruwan sama.

Ƙirga ita ce mai cin ido. Madubinmu na ƙara girman abu ba ya amfani da wuta, wani ɗan madubi ne a ƙasansa ke ɗauko hasken taga, saboda haka daga hantsi zuwa azahar kawai ake iya aiki. Ka ɗiga jan rini a kan gilashin, garin fure ya sha ya yi ja, yashi ya ƙi sha. Sai ka bi shi layi-layi daga wannan gefe zuwa wancan, ido ɗaya a madubi, hannu yana ja wa kowane iri alama. Fiye da rabin abin da za ka gani tarkace ne, tokar ƙunar daji da gashin ƙwari da zaren riga. Wanda bai ƙware ba zai ƙirga ƙwan fumfuna ɗari ya ce garin fure ne, kuma ni na yi. Da damina fumfuna kan tsiro har cikin idon madubin, sai mun ajiye shi a akwati tare da gawayi da soyayyiyar shinkafa su tsotse laima.

Abin da ya fi madubin daraja shi ne akwatin shaida na Baba. Shekara da shekaru, duk itacen da ya yi fure sai ya karkaɗe furen a kan gilashi ya adana, don in an ga baƙuwar ƙwaya a tarko a gwada ta da na akwati. Da yake ba ya rubutu, ɗan ɓawon itacen yake mannawa a gefe. Kaɗanya, maje, marke, ƙirya, tsamiya, maɗaci, mangwaro, duk yana gane su da taɓawa. Shekarata ta farko ta tafi ne wajen bin sa ina rubuta sunaye. Wata rana muna gindin ɗorawa ta yi fure, jajayen ƙwallaye suna lilo, ya tambaye ni wa furen nan yake kira.

"Ƙudan zuma," na ce.

"Da jemage. A jami'a ba a gaya muku jemage ba? Itace in ya yi fure mai kyau haka, yana da mai ɗaukar masa kaya, garinsa nauyi gare shi da danƙo. Wanda furensa ba ka ma lura da shi, shi ne mai zuba wa iska."

Na koma na duba. Garin furen ɗorawa ƙwayoyi ne da yawa a dunƙule wuri ɗaya, kamar gwandar daji. In ya faɗo, gindin uwarsa yake faɗawa. Duk zamana a wurin, ina jin bai fi sau uku ko huɗu na gan shi a tarko ba.

Bazarata ta farko, ana saura makonni ruwa ya sauka, tsumman ya juya ya fara nuna iska daga kudu take zuwa, mai ɗumi da ɗan laima. Bayan kwana biyu gilashin ya cika da wata ƙwaya da babu ita a akwatin Baba. Kusurwa uku gare ta, kamar ƙaramar laya. Kafin a sa rini, in ta yi yawa, har ido yana ganin gilashin ya yi rawaya-rawaya. Muka zaga daji tafiyar yini ta kowace fuska, ba mu sami itacen da ke yin ta ba. Baba ya ce shi ma duk shekara yana ganin ta, kuma ba 'yar nan ba ce, baƙuwar iskar kudu ce.

A hankali na fahimci yadda take tafiya, gwargwadon abin da tarko ɗaya zai iya nuna wa mutum. Itace yana sakin garinsa da hantsi in fure ya bushe. Rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama da shi, wani lokaci guguwa ce ma ke ɗaga shi. Can sama akwai iskar da ba ta haɗuwa da dutse ko itace, ita ke tafiya da shi, mai yiwuwa yini guda, mai yiwuwa fiye. In gari ya yi sanyi iskar ta lafa, sai ya sauko a kan mutanen da ba su taɓa ganin itacen ba. Ruwa mai ɗorewa yana wanke iska, washegari gilashi fes. Amma hadarin farko daban ne. Iskar da ke gabansa tana kwaso abin da ke sama ta zubo shi ƙasa a lokaci ɗaya, kuma ina zaton laima na farfasa ƙwayoyin su ƙara ƙanƙanta, su shiga ƙirji da kyau. Wannan na ƙarshen ban gwada shi ba, zato ne.

Masu neman aikinmu ba su da yawa. Akwai oga a babban ofis, tafiyar yini a mota, mai jiran takardar ƙarshen wata wadda ban tabbata yana karantawa ba. Akwai masu zuma, su kan tsaya su tambayi wane itace ya buɗe. Sai Malam Ishaku, malamin asibitin sha-ka-tafi na yankin. Shi ya fara lura cewa duk bazara mutane kaɗan, kusan su ɗin dai, ke zuwa masa da numfashi yana kuka kamar usur, har da Fulani biyu daga ruga mai nisa. Muka jera littafinsa da nawa a kan tebur. Ranakun da masu fuka suka yi masa yawa su ne ranakun da mai kusurwa uku ta yi mini yawa, ko washegarinsu. Shekara biyu a jere haka.

Muguwar shekarar ita ce bazarata ta uku. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, iskar kudu tana busawa ba ruwa, gilashi kullum a cike. Cikin masu fukar akwai mai garin ƙauyenmu, dattijo mai kirki in yana da lafiya, kuma a shekarar ciwon ya kwantar da shi sosai. Malam Ishaku ya ce in rubuta wa mai garin ɗan bayani da Hausa, ko zai yarda ya riƙa zama a ɗaki in hadari ya taso. Na zauna na rubuta, har sau uku ina gyarawa don kada in faɗi abin da ya wuce sanina. Na ce abin da ya cika iska a kwanakin nan wani gari ne na furen itace, mai ruwan ɗorawa, mai kusurwa uku, ban san itacensa ba tukuna, kuma mai yiwuwa shi ke tayar wa masu fuka ciwonsu.

Da a ce kalmar rawaya na rubuta, da shi ke nan. A gidanmu ruwan ɗorawa muke cewa, tun ina yaro ban taɓa jin itace a cikin kalmar ba, launi kawai nake ji. Wanda ya karanta takardar a zauren mai gari kuwa ƙanensa ne, Bawa, mai Hausar kasuwa, wadda ta ishe shi ciniki da gaisuwa. Ya karanta yana juya wa dattawa da Gbagyi. Ya ga gari, ya ga ɗorawa. Kuma lokacin ne daidai ɗorawa ta nuna, mata na ɓare ta suna daka suna tankaɗe garinta, su ware kalwa don daddawa. A bayan katangar mai gari akwai manyan ɗorawa biyar na wata mata, Ladi, da mijinta ya rasu ya bar mata. A gindinsu take daka ita da 'ya'yanta mata biyu.

Aka aiko kirana da hantsi. Na tarar da mai gari a jingine da matasai, yana jan numfashi da ƙyar, dattawa sun kewaye shi. Baba Tanko ya zauna a bakin ƙofa.

"Malam, takardarka ta zo," in ji mai gari. "Ka ce ɗorawa ce."

"Ranka ya daɗe, ban ce ɗorawa ba. Launi nake nufi. Abu in ya yi kala irin ta garin ɗorawa, sai a ce masa ruwan ɗorawa."

"Ga gari, ga ɗorawa, a layi ɗaya," in ji Bawa yana kaɗa takardar. "Ni na sa su?"

"To in ba ita ba, wane itace ne?" mai gari ya tambaya.

"Ban sani ba tukuna."

"Yana ina?"

"Ina zaton kudu, da nisa."

"Nisa kamar ina?"

"Ba zan iya cewa ba."

Mai gari ya huta ya tara numfashi. "Itacen da ba ka sani ba, a wurin da ba ka sani ba, shi ke shaƙe ni. Wannan da nake gani ta kan katanga, yana zuba mini gari har kan tabarma, shi ba ruwansa."

Dattawa suka yi dariya. Na fara bayanin jemage da nauyin ƙwaya, na ce garin da ke cikin 'ya'ya daban, na cikin fure daban. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Tambaya ɗaya, Malam. Za ka dafa ƙirji ka ce garin da matan nan ke dakawa ba ya taɓa ni ko kaɗan?"

Ga abin da na sani a lokacin. Na san ciwonsa yana tashi kafin ɗorawa ta nuna. Na san yana bin iskar kudu. Na san Fulanin nan biyu ba mai dakan ɗorawa a kusa da rugarsu. Amma kuma na san kowace irin ƙura na iya sosa ƙirjin mai fuka, ban taɓa gwada garin ɗorawa a kan kowa ba, kuma tarko ɗaya gare ni da bazara biyu da rabi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ko kaɗan ɗin nan ne ba zan iya cewa ba."

Baba Tanko ya tashi ya ɗauki takalmansa ya fita.

A wancan zamanin ba a sare ɗorawa ko kaɗanya, ko a gonar mutum suke, sai da takardar izini daga ofishin daji. Kwana biyu bayan nan Bawa ya kai buƙatar sare itatuwan Ladi babban ofis, da takardata a manne. A wannan ranar ce Ladi ta zo ta tsaya a ƙofar ofishinmu, hannuwanta duk gari, ta ƙi zama.

"Malam, kai ka rubuta ɗorawa na yana kashe mutum?"

"Mama, ban rubuta haka ba. Kuskuren karatu ne."

"Mijina bai bar mini gona mai kyau ba, bai bar akuya ba. Shi biyar ɗin nan ya bari. Daddawa na har Karu an san shi. Ka rubuta wani takarda, ka ce ba shi ba ne."

"Zan rubuta abin da na sani."

"To ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na kusa sani."

"Kusa," ta ce, ta dubi Baba ta yi masa wata magana da Gbagyi. Ban tambaye shi ma'anarta ba, shi ma bai faɗa ba.

Oga ya aiko yana neman ra'ayina. Layi ɗaya aka bari a fom ɗin, ni kuwa na haɗa da shafi biyu. Na jera ranaku da iskoki, na zana ƙwayar, na ce babu wata shaida da ta nuna ɗorawa ce, duk alamu na nuni ga wani itace na nesa. A ƙarshe, don kada a ce na yi gaggawa, na ƙara da cewa ba a iya kawar da ita gaba ɗaya ba tukuna, ana buƙatar bazara ɗaya nan gaba. Bayan mako guda takardar ta dawo da izini a manne. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimlar ƙarshen nan ita kaɗai. Ban ga laifin oga sosai ba. A gabansa ga ran mai gari, ga itace biyar, ga ma'aikacinsa mai digiri da ya cika shafi biyu bai ce a'a ba.

Kafin gatari ya taɓa itace sai an buga masa gudumar hatimi. Ana fere ɓawo kamar faɗin tafi da adda, a buga gudumar sau ɗaya a kan farin itacen, alamar ofis ta fito. Aikin Baba ne tun kafin a haife ni. Ranar ya miƙo mini ita ta wajen ƙota.

"Hannuna yana ciwo yau, Malam. Kai da ka iya rubutu, buga."

Na buga sau biyar. Rabin 'ya'yan ba su gama nuna ba. Ladi ta roƙi a ba ta mako biyu ta kwashe, aka ba ta kwana biyu, kuma ɗanyar ɗorawa ba ta ba da kalwar kirki. Ba wanda ya yarda ya ɗaga gatari a cikin mutanen garin, sai masu sara aka ɗauko daga waje. Kwana huɗu suka yi. Mafi girma cikin itatuwan, mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu.

Ba a yi kwana goma ba ruwa ya sauka sosai, damina ta zauna, iska ta wanku, gilashina ya koma fes. Mai gari ya miƙe, kamar yadda yake miƙewa kowace shekara a daidai wannan lokacin. Gari ya ɗauka cewa saran ya yi magani, har aka aiko mini da kaza. Aka hana dakan ɗorawa a cikin gari. Ladi ta gwada sayen kalwa a wurin wasu ta ci gaba da sana'arta, amma labari ya riga ta zuwa kasuwa, ana cewa daddawarta na toshe ƙirji. Ta sayar da itacen ɗorawarta na wuta har ya ƙare, daga nan ta shiga daji neman wani.

Da rani na ɗauki hutu na hau babbar mota na yi kudu, na wuce Gwagwalada har wajejen Abaji, inda kurmi ke bin bakin kogi. Na yi kwana tara ina karkaɗe fure a cikin ambulan. A rana ta bakwai wani mai hawan kwakwar manja ya yanko mini furenta na namiji, abu mai kama da yatsu a cure, ba kyau ba ado, ɓoye a gindin ganye. Na buga shi a tafin hannu, gari ya tashi kamar hayaƙi. Da na dawo na sa shi a madubi, ga ta nan da kusurwarta uku. Akwai kwakwa jefi-jefi a wasu rafuka da suka fi kusa da mu, saboda haka har yau ba zan ce daga wane kurmi ta riƙa zuwa ba, sai dai yawanta ya fi ƙarfin 'yan tsirarun nan. Baba ya sa ido a madubin ya daɗe.

"To, yanzu ka san ɓarawon," ya ce. "An riga an yanke wa wani hannu."

Bazara ta zagayo, tsumma ya juya, gilashi ya cika. A gaban hadarin farko aka ɗauki mai gari a kan gado zuwa wurin Malam Ishaku, babu ɗorawa ko ɗaya a inda idonsa ke kaiwa. Ya rayu. Bawa ya ce ai ta ƙauyen gaba ce iska ke kawowa, kun ga ashe ya yarda iska na kawo abu.

Ba ina cewa ku faɗi abin da ba ku sani ba. Har gobe ba zan dafa ƙirji a kan ko kaɗan ba, kuma wanda ya dafa bai san aikin ba. Amma ba wannan ba ce tambayar da ke cikin zauren. Abin da mai gari ke son sani shi ne, in an sare itatuwan nan zai warke? Wannan kuwa na san amsarta tun ranar, littattafai biyu sun nuna mini. Na amsa kalmar da ta fito daga bakinsa, na bar abin da ake shirin aikatawa. Na'urarku za ta ƙirga fiye da ni sau dubu, amma ba ita za a kira zaure ba, ku za a kira.

A wannan karon layi ɗaya na rubuta, kwafi uku. Na oga ya shiga fayil. Na zaure Bawa ya ce mai gari ba shi da lafiyar jin takarda. Na ukun na sa a aljihu na hau keke ranar kasuwar Karu. Na cim ma Ladi a hanya da hantsi, ta ɗauko itacen wuta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Na sauka na gaishe ta.

"Mama, na kawo takardar."

"Wane takarda?"

"Wadda kika ce in rubuta bara."

Ta sauke kayan a gefen hanya, ta goge fuska da bakin zane. "Karanta."

Na buɗe na karanta. "Ba ɗorawa ba ce."

Ta tsaya tana jira. "Sai me?"

"Shi ke nan."

"Ashe gajere ne," ta ce. Ta dubi rana, ta dubi hanya. "Kama mini, kasuwa zai watse."

Na kama mata ta ɗora, ta wuce, takardar tana hannuna.